Ƙulle-ƙullen igiya da suka kori Sifaniyawa daga New Mexico

A farkon shekarar 1998, wasu da har yau ba a kama su ba suka bi dare zuwa garin Alcalde da ke jihar New Mexico ta Amurka, suka yanke ƙafar dama ta mutum-mutumin Juan de Oñate. Baƙo zai ɗauka ɓarnar matasa ce, amma mutanen Pueblo sun san bashin shekara 400 ne ake tunawa da shi.

Oñate ne ya jagoranci Sifaniyawa suka kafa mulki a kwarin kogin Rio Grande a 1598. Mutanen da ya tarar manoman masara ne, masu gina gidajen ƙasa hawa-hawa, abin da ya sa baƙin suka kira su Pueblo, wato gari a harshen Sifaniyanci. Ba ƙabila ɗaya ba ce. Akwai masu jin Tewa, da Tiwa, da Towa, da Keres, da Zuni, da Hopi, kuma kowane gari cin gashin kansa yake yi. A watan Janairun 1599, bayan mutanen Acoma sun kashe wasu sojojinsa, Oñate ya tura aka hau dutsen da garin yake a kai, aka kashe ɗaruruwa. Hukuncin da ya yanke wa waɗanda suka tsira shi ne duk namijin da ya haura shekara 25 a sare masa ƙafa ɗaya, sannan ya yi bautar shekara 20. Ita kanta gwamnatin Sifaniya daga baya ta same shi da laifin zalunci, ta hana shi sake taka New Mexico.

Abin da ya biyo baya shekara tamanin ne na gwale-gwale. Gwamna da manyan baƙi suna karɓar harajin masara da mayafan auduga gida-gida, limaman Katolika na ɗariƙar Franciscan kuma suna sa mutane aikin gina coci-coci da noma gonakin mishan. Gwamna da limamai ba sa ga maciji da juna, amma rigimarsu duk a kan wa zai ci gumin talaka ce. Jama'a da yawa sun karɓi baftisma, suna zuwa coci da rana, da dare su sauka kiva, ɗakin ibadarsu na cikin ƙasa. A farkon shekarun 1660 limamai suka haramta rawar kachina, rawar ibada ta roƙon ruwan sama, aka kutsa cikin kiva, aka kwashe fuskokin da ake sawa wajen rawar aka cinna musu wuta. Sai ga fari da yunwa da annoba, ga hare-haren ƙabilar Apache. Manomin da aka hana rawar roƙon ruwa, kuma ruwan ya ɗauke, ba ya bukatar wani ya fassara masa abin da ke faruwa.

A 1675 gwamna Juan Francisco Treviño ya kama shugabannin addini 47 bisa zargin tsafi. An yanke wa huɗu hukuncin rataya, sauran aka yi musu bulala a bainar jama'a aka tsare su. Mayaƙa kusan 70 suka shiga Santa Fe, babban birnin Sifaniyawa a yankin, suka tilasta masa sakinsu. Cikin waɗanda suka fito da shatar bulala a baya akwai Po'pay, mutumin garin Ohkay Owingeh. Ya koma Taos, can arewa nesa da idon gwamna, ya shekara biyar yana ƙulla abin da ba a taɓa yi ba: haɗa garuruwa sama da ashirin masu harsuna dabam-dabam a kan magana ɗaya, wato yin bore su kori Sifaniyawa.

Dabararsa ta sanar da rana ita ce ta fi burge ni. Masu gudu suka bazu da igiyoyin zaren yucca, wani tsiron hamada, kowace da ƙulli adadin kwanakin da suka rage. Kowace safiya shugaban gari ya kwance ƙulli ɗaya. Ranar da igiya ta miƙe, ranar bore ce. Sifaniyawa sun kama 'yan saƙo biyu daga garin Tesuque, asiri ya tonu, sai aka matso da ranar zuwa 10 ga Agusta, 1680. An kashe Sifaniyawa kusan 400, ciki har da limamai 21. Gwamna Antonio de Otermín ya fake a fadarsa ta Santa Fe, aka datse masa magudanar ruwa, ranar 21 ga wata ya fice. Mutum kusan 2,000 suka gangara kudu zuwa El Paso, mayaƙan Pueblo suna kallonsu daga kan tuddai, ba su tare su ba. Po'pay ya ba da umarni a farfasa ƙararrawa da gicciye, a yar da sunayen Kirista, kowa ya shiga kogi ya wanke baftisma da saiwar yucca.

Shekara 12 ƙasar ta yi babu baƙo. Haɗin kan bai ɗore ba, fari bai tafi ba, kuma a 1692 Diego de Vargas ya dawo. An daɗe ana kiran wannan dawowa ta lumana, alhali a ƙarshen 1693 sai da ya ƙwace Santa Fe da yaƙi, ya sa aka kashe fursunoni 70, aka kuma sake wani bore a 1696. Sai dai Sifaniyawan da suka dawo sun sha jinin jikinsu. Tsarin harajin da ake kira encomienda bai sake kafuwa ba, an rage kutsawa kiva, kuma ƙasar Hopi ba ta sake shiga hannunsu ba. Yau akwai garuruwan Pueblo 19 a New Mexico, kowanne da gwamnansa, galibi a filayen kakanninsu.

Takaddamar ta koma kan wa za a tuna. A 2018 aka daina wasan kwaikwayon shigowar de Vargas da ake yi a bikin shekara na Santa Fe, bayan zanga-zangar 'yan asalin ƙasa. A 2020 aka sauke mutum-mutumin Oñate na Alcalde. Na Po'pay kuwa, wanda Cliff Fragua ɗan garin Jemez ya sassaƙa, yana majalisar dokokin Amurka tun 2005, da igiya mai ƙulle-ƙulle a hannunsa, da tabon bulala a bayansa.