Bambance-bambancen halitta a kogwannin hanci

Kogwannin hanci ramuka ne masu iska a cikin ƙasusuwan fuska da gindin ƙoƙon kai, kowane da ƴar ƙofarsa da majina ke bi ta zuba cikin hanci. Iri huɗu ne, dama da hagu: na kunci, na goshi, na tsakanin idanu, sai na can ƙurya bayan hanci da likitoci ke kira sifenoyid. Da wuya a sami mutum biyu masu kogwanni iri ɗaya, ko a kan mutum guda ma dama takan saɓa da hagu. Idan siffar ta kauce wa yadda aka saba gani amma ba ta cutar da mai ita, ana cewa bambancin halitta ne. Likitan hoto kan nemi ya gane irin wannan siffa don kada ya laƙaba mata sunan ciwo.

Tarihi

Tun kafin a san hoton ƙashi, masu feɗe gawa sun riga sun ga yawancin waɗannan siffofi. Leonardo da Vinci ya zana kogon kunci da na goshi wajajen 1489, amma zanen ya daɗe a ɓoye, shi ya sa aka raɗa wa kogon kunci sunan Nathaniel Highmore na Ingila, wanda ya bayyana shi a 1651. A tsakiyar ƙarni na 18 Albrecht von Haller na Siwizalan ya lura da ƴan ramukan da ke ƙarƙashin gurbin ido, waɗanda har yau ake kira da sunansa. Marubuta sun saɓa kan ainihin shekarar. Emil Zuckerkandl na birnin Biyana ya wallafa babban aikinsa kan ƙirar hanci a 1882, kuma shi ake jingina wa sunan konka buloza, wato iska a cikin wani ƙashin hanci. Adolf Onodi na Hangari, a farkon ƙarni na 20, ya nuna kusancin wasu ramuka da jijiyar gani, waɗanda su ma ake kira da sunansa.

Bayan Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki ya nuna ƙashi a 1895 aka fara ɗaukar hoton fuska, wanda a Nijar ake ce wa radiyo. Matsalarsa ita ce yana ɗora ƙasusuwa bisa juna, ƙananan ramuka su ɓace. Na'urar sikana ta Godfrey Hounsfield, da aka fara gwadawa a kan majiyyaci a 1971, ita ta kawo hoton da ke yanka kai falle-falle. A wannan zamanin ne Walter Messerklinger na garin Graz a Ostiriya ya duƙufa wajen leƙa hanci da siririn madubi. Da tiyata ta kafar hanci ta yaɗu a shekarun 1980, sai tsoffin sunayen nan, da suka zama na jarrabawar ɗalibai kawai, suka koma abin da likitan fiɗa ke nema a hoto kafin ya taɓa mutum.

Siffofin da aka fi gani

Karkacewar shamakin da ya raba hanci biyu ita ce ta fi yawa, wani lokaci da ɗan tsini a gefe. Konka buloza kuwa iska ce a cikin naɗaɗɗen ƙashi na tsakiya da ke jikin bangon hanci. Sau da yawa shamakin yakan karkata ya ba ta wuri. Wani naɗin yakan juya bai-bai. Ramin da ake kira agar nazi, a gaban na tsakanin idanu, kusan kowa na da shi, har wasu ba sa lissafa shi cikin bambanci.

Kogon goshi ba a haihuwar yaro da shi, ba ya fitowa sosai a hoto sai wajen shekara 6 zuwa 7, wasu kuma har su tsufa babu shi a gefe ɗaya ko duka biyu. Ƙaramin kogon kunci yakan yi duhu a radiyo kamar wanda ya cika da mugunya, kuma nan ne aka fi yin kuskuren cewa sinizit ne, wato ciwon kumburin kogwannin hanci. Haka kumburin ɓari ɗaya na hanci: fatar ciki takan kumbura dama, bayan ƴan sa'o'i ta koma hagu, kuma lafiya ce.

Masu haɗari a tiyata

A 1962 wani mai bincike, Keros, ya kasa zurfin rufin hanci gida 3: milimita 1 zuwa 3, 4 zuwa 7, sai 8 zuwa 16. Mai zurfin ya fi haɗari, domin ƙashin gefen siriri ne, idan ya huje ruwan ƙwaƙwalwa zai ɗigo ta hanci. Ramin Onodi yana jingine da jijiyar gani, likitan fiɗan da ya ɗauke shi sifenoyid ne yana iya makantar da majiyyaci. Akwai kuma waɗanda babbar jijiyar jinin da ke hawa kai take turo bangon sifenoyid, wani lokaci babu ko ƙashin da ya rufe ta. Bangon da ke tsakanin ido da hanci, da ma bai fi kaurin takarda ba, yakan zo da giɓi.

Saɓani

Ko waɗannan siffofi na haddasa sinizit? Wasu bincike sun ce suna toshe ƙofofin majina, wasu ba su ga alaƙa ba. Alƙaluman yawan konka buloza ma sun yi nisa da juna, saboda kowa da ma'auninsa.

A Yamai da Tahoua

Lokacin hunturu ƙura kan kai mutane da yawa likita da toshewar hanci da ciwon kai. Ana rubuta sakamakon hoto da Faransanci, don haka sunan Latin a takarda kan tayar wa mai ita hankali alhali halittarsa ce kawai aka ambata. Masu buƙatar tiyatar madubi daga Tahoua akan tura su manyan asibitocin Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500.