Babban kudan nan mai ƙugi: amsa sau ɗaya, kar a sake tambaya ta

Tunda na fara kiwon zuma a bayan gidanmu nan Sakkwato kowa ya mayar da ni malamin ƙwari. An turo min hoton wanga ƙwaro baƙi mai ƙugi ya fi sau ashirin, to ga amsoshin.

Shi ne wanda Turawa ke kira bambulbi?

A'a. Wancan na ƙasashen sanyi ne, Turai, Asiya, Amurka, iri wajen 250, jikinsa duk gashi kamar ya sa bargo. Babu shi a Najeriya, zafin watan Afrilu na nan ai sai ya soya shi. Namu mai huda katako ne, ku duba bayansa, sumul yake yana sheƙi, wani da ɗan rawaya a kafaɗa.

Yana yin zuma?

Ba ya yi. Ku daina fasa itace kuna nema.

Yana harbi?

Macen na harbi in ka kama ta da hannu. Namijin da ke shawagi a fuskarka yana cika baki ba shi da ƙari ko kaɗan, burga ce. Hajiya ki kwantar da hankalinki, ki dai hana yara danne shi.

Mi ye amfaninsa to?

Wanga tambaya ita ke ba ni haushi. Je ka fadamar Kwalkwalawa da safe ka tsaya kan tumatir ko yalo. Furen tumatir ba ya sakin garinsa sai an girgiza shi, kudan zuma bai iya ba, shi ko wannan sai ya rungume furen ya yi ƙugi garin ya zubo. Furen wake ma yana zuwa. Can Turai tun 1987 aka fara kiwon bambulbi a Beljiyam ana sayar wa masu tumatir saboda wannan aikin, mu Allah ya ba mu namu kyauta muna bin shi da fiya-fiya.

Ya huda min katakon rumfa, in fesa magani?

To nan ne sai a hankali, don ban ga rumfarka ba. Ba cin katakon yake ba, rami yake yi mai faɗin ɗan yatsa ya sa ƙwai da garin fure a ciki, shi ya sa kake ganin dusa a ƙasa. In rami ɗaya ne ko biyu ni dai da na bar shi, rumfar ba za ta faɗi bana ba. Amma in shekara da shekaru suna dawowa wuri guda kuma katakon shi ke ɗauke da kwano, to gaskiya yana iya rauni, ba zan ce ka zuba ido ba. Ka jira sai ka ga an daina shige da fice, ka toshe ramin da ɗan itace, ka shafa fenti, don sun fi son busasshen katako tsirara, ko da yake ba kullum fentin ke hana su ba, na ga wanda aka shafa suka koma gefe. Ka jingina wani tsohon kututture can nesa ko za su koma can, wani lokaci ya yi wani lokaci bai yi ba. In kuma gara ce ta riga ta cinye katakon, kar ka ɗora wa kuda laifi, kira kafinta. Maganin ƙwari a inda yara ke kwana da kaji ke kiwo, ni ban ba da shawara ba.

A gona fa?

In feshi ya zama dole ka yi da yamma liƙis, ba da hantsi ba lokacin da fure ke buɗe.

Ana iya kawo na Turai a kiwata a nan?

Don Allah malam a bar zancen.