Ƙididdigar Asarar Sojoji a Lokacin Yaƙi

Ƙididdigar asarar sojoji ita ce aikin gano yawan mayaƙan da runduna ta rasa a fagen fama. A wurin soja, kalmar "asara" ba ta tsaya kan waɗanda suka mutu ba. Ta haɗa da masu rauni da fursunonin yaƙi da waɗanda suka ɓace babu labarinsu. Masu rauni kan ninka matattu, don haka wanda ya ji an ce an yi asarar soja 100,000 ya ɗauka duk gawawwaki ne, ya yi kuskure tun daga tushe.

Alƙaluman da hukuma ke fitarwa ana tsaka da yaƙi su ma makami ne. Kowane ɓangare kan rage nasa, ya zuzuta na abokin gaba. Amma ba kullum ƙarya ce da gangan ba. Ranar 15 ga Satumba 1940 Birtaniya ta ce ta kakkaɓo jiragen Jamus 185, takardun Jamus kuwa suka nuna kimanin 60 ne. Cikin hayaƙi da ruɗani, matuƙa biyu ko uku kan harbi jirgi ɗaya, kowa ya koma ya ce shi ya kayar.

Babu inda lamarin ya fito fili kamar Tarayyar Sobiyat bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946 shugabanta, Stalin, ya ce ƙasar ta rasa mutum miliyan 7. A 1961 shugaban lokacin, Khrushchev, ya ce miliyan 20. Sai a 1990, zamanin Gorbachev, aka amince da kusan miliyan 27, soja da farar hula, bayan masana sun yi amfani da ƙidayar jama'a ta 1939 da ta 1959 don gano giɓin. A 1993 ayarin Janar Krivosheev ya fitar da adadin sojoji kaɗai, 8,668,400, kuma har yau akwai masana tarihi da ke ganin ya yi kaɗan. Suna da hujja. Sojan Sobiyat kan ɗauki wani ɗan ƙaramin kurtu da ake cusa takarda mai sunansa da garinsu, amma da yawa sun ƙi cikewa don camfin cewa wanda ya rubuta ya kira ajalinsa. Masu tono a tsofaffin ramukan yaƙi har gobe suna samun ƙasusuwa tare da kurtun da ba komai a ciki. Abin tausayi ne ƙwarai, domin iyalin irin wannan soja takardar "ya ɓace" kawai aka aika musu.

Hanyar da ta fi inganci a yau ita ce bin suna ɗaya bayan ɗaya. A yaƙin Rasha da Ukraine, kafar Mediazona da sashen Rashanci na BBC suna tattara sunaye daga sanarwar rasuwa da shafukan sada zumunta da hotunan sababbin kaburbura. A watan Satumba 2022, da ministan tsaron Rasha na lokacin, Sergei Shoigu, ya ce an kashe sojojinsu 5,937 tun farkon yaƙin, sunayen da kafofin biyu suka tantance sun riga sun haura haka. Irin wannan jeri mafi ƙarancin adadi yake nunawa, tunda wanda aka binne ba sanarwa, ko wanda gawarsa ta rage a fagen daga, ba ya shiga ciki.