Ba duk tsaunukan Japan ne masu aman wuta ba

An daɗe ana ɗauka cewa kowane tsauni a Japan dutse ne mai aman wuta, kuma ba abin mamaki ba ne, domin hoton da duniya ta fi sani shi ne na Fuji, wanda ya kai mita 3,776, yana tsaye shi kaɗai da farin rawanin ƙanƙara. Fuji kam mai aman wuta ne, rabonsa da yin aman tun 1707, kuma ƙasar tana da irinsa 111 da ake lissafawa cikin masu rai.

Sai dai Kita-dake, mai bi masa a tsawo da mita 3,193, bai taɓa fitar da wuta ba. Yana cikin jerin tsaunukan Akaishi da ke tsakiyar tsibirin Honshu, waɗanda asalinsu laka ce da yashi da suka kwanta a ƙarƙashin teku, sannan gogayyar manyan faifan ɓawon ƙasa ta matse su, ta naɗe su, ta cicciɓo su sama sannu a hankali, har yau kuma ba su daina tashi ba. Sunan Akaishi ma ma'anarsa jan dutse, kuma wanda ya duba wannan dutsen da madubin ƙara girma zai ga ɓawon ƙananan halittun teku a cikinsa. A ganina wannan ya fi aman wuta ban al'ajabi, a ce mai hawan tsauni yana taka tsohon gindin teku alhali yana sama da gajimare.