Jinin Cibiya Ba Mataccen Jini Ba Ne

A Jos mun taso muna jin cewa jinin da ya rage a igiyar cibiya bayan haihuwa mataccen jini ne. Ba haka ba ne. Yana ɗauke da ƙwayoyin da ke samar da sabon jini, tun 1988 aka fara dasa su a jikin marasa lafiya a Faransa, har masu sikila ana yi wa.

Sai dai ba kowane jinin cibiya ke amfani ba. Ingancinsa na ga yawan ƙwayoyin da aka tara, tsabtar ɗiba, da daskarar da shi da wuri, yawanci cikin awa 48. Jariri mai nauyi ya fi bayarwa.

Mai shakka ya tambayi likitan jini yadda ake ƙirga ƙwayoyin. Don Allah a tura wa masu juna biyu.