Aromaterafi da ruwan furen linden: ina ƙamshi, ina magani?

Yanzu duk wadda ta kunna turaren wuta ta ɗauki bidiyo sai ta ce tana yin "aromaterafi". Masu tallan kayan gyaran jiki a TikTok da Instagram sun cafe kalmar, har a rediyo ana lanƙwasa ta yadda aka ga dama. Cikin kayan da ake liƙa wa wannan suna akwai ruwan furen wata bishiya da ake kira linden, wai yana sa barci, yana korar mura, yana gyara fata, duk a kwalba ɗaya.

Kalmar daga Faransa ta fito. Wani masanin haɗa sinadarai, René-Maurice Gattefossé, shi ya yaɗa ta da littafinsa na 1937, kuma abin da yake nufi shi ne jinya da man da ake tatsowa daga tsirrai masu ƙamshi. To linden kuwa ɗan man da ke cikin furensa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa aka fi sayar da ruwansa.

Bishiyar ta ƙasashen sanyi ce. Faransawa na ce mata tilleul, Turkawa ihlamur, Larabawa zaizafun. Turawan Ingila ne suka jawo ruɗani, domin sunan da suke kiran lemun tsami da shi suke kiranta, sai ka ga an fassara an ce "furen lemun tsami". Ko kusa ba su haɗa hanya ba. A lissafin masana tsirrai, linden danginta su ne kuɓewa da rama da lalo da kuka, kuma furenta ma yana da ɗan yauƙi idan an jiƙa shi.

A kan wannan yauƙin ne maganar ta tsaya. Abin da Turai ta gada kaka da kakanni shi ne shayi. A yankin Baronnies na kudancin Faransa ana tsinko furen a farkon lokacin zafi, tare da ɗan siririn ganyen da ke manne da shi, a shanya a inuwa, a riƙa sha da dare. A Turkiyya, da sanyi ya shigo, mai mura ihlamur ake dafa masa. Yauƙin ne ke lafa wa maƙogwaro. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yarda da furen don rage wahalar mura da 'yar damuwa, amma ta dogara ne da daɗewar da aka yi ana amfani da shi, ba gwajin asibiti ba.

Ruwan fure wani abu ne dabam. Ana tura tururi ya ratsa furen, a sanyaya tururin ya koma ruwa, kamar gumin da ke taruwa a murfin tukunya. Haka ake yin ruwan wardi. Abin da ke iya tashi da tururi kaɗai ke isa kwalba, wato ƙamshi. Yauƙin da yawancin sinadaran da shayi ke fitarwa suna can a gindin tukunyar tatsa. Saboda haka mai talla da ya ɗebo tarihin shayi ya jibga wa ruwan feshi, ya ari rigar da ba tasa ba.

Ban ce ruwan banza ne ba. Ƙamshinsa mai laushi ne, da ɗan zaƙi-zaƙi na zuma, kuma masu harkar na fesa shi a fuska ko a matashin kai kafin kwanciya. Idan ya sanyaya miki rai, madalla. Amma ni dai ban ga dalilin kiran wannan jinya ba, balle mai fama da rashin barci na watanni ya fasa zuwa asibiti saboda shi.

Mai saye ya juya kwalbar ya karanta. Na gaskiya zai nuna sunan tsiron na kimiyya, kamar Tilia cordata ko Tilia platyphyllos. Idan ka ga an rubuta parfum, turare ne aka zuba a ruwa. Kuma na gaskiyar ba ya jure zafi, yana lalacewa da wuri idan ba a firji aka ajiye shi ba.