Dokar kare itatuwa a biranen Ingila

A Ingila, mallakar gida ba ta ba mutum cikakken iko a kan itacen da ke cikin gidansa. Ƙaramar hukuma na iya ɗora wa itace umarnin kariya, wanda ake taƙaita sunansa da TPO, idan ta ga yana ƙawata unguwa kuma jama'a na amfana da shi. Daga ranar da aka ɗora umarnin, laifi ne a sare itacen, ko a datse kansa, ko a rage masa rassa, ko a tumɓuke shi, ko a lalata shi da gangan, sai da rubutaccen izini. Tsarin yana cikin dokar tsara birane ta 1947, a yau kuma yana ƙarƙashin dokar 1990 da ƙa'idojin da aka fitar a 2012.

Umarnin na fara aiki nan take, na wucin gadi har tsawon wata shida, sannan a ba mai gida aƙalla kwana 28 ya kawo ƙorafinsa kafin a tabbatar da shi. Dalilin gaggawar a fili yake: da za a yi jiran jin bahasi tukuna, da mai niyyar gini ya kira masu zarto sun gama da itacen kafin takarda ta iso.

Neman izini kyauta ne. Mai nema zai nuna inda itacen yake a zane, ya faɗi aikin da yake son yi da dalilinsa, in kuwa hujjarsa ita ce cuta ko saiwa na tsaga bango, sai ya haɗo da bayanin masani. Hukuma na da mako takwas ta ba da amsa, wanda aka hana kuma yana iya ɗaukaka ƙara. Mataccen itace ba ya bukatar izini, sanarwar kwana biyar na aiki ta isa. A unguwannin da aka keɓe saboda tarihin gine-ginensu, duk itacen da kaurin gangarsa ya wuce santimita 7.5, idan aka auna a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, sai an sanar da hukuma mako shida kafin a taɓa shi. A wannan tsakanin ko ta ɗora masa umarnin kariya, ko ta ƙyale.

Wanda ya sare itace mai kariya yana fuskantar tarar da ba ta da iyaka, kotu kuma kan duba ribar da ya ci ta dalilin saran. Wajibi ne mai filin ya dasa wani a gurbinsa, sabon kuma ya gaji kariyar tsohon.

Inda tsarin ya daɗe da rauni shi ne itatuwan bakin titi, domin galibi hukumar da ke ba da izini ita ce mai su. A Sheffield, kwangilar gyaran tituna da majalisar birnin ta ƙulla da kamfanin Amey a 2012 ta kai ga sare itatuwa fiye da 5,000. A Nuwamba 2016 aka tashi mazauna titin Rustlings tun kafin asuba su kawar da motocinsu, 'yan sanda suka kama wasu masu adawa, cikinsu har da dattawa mata biyu. Binciken da Sir Mark Lowcock ya jagoranta ya fito a Maris 2023 yana cewa majalisar ta ɓoye wa jama'a gaskiya, ita kuma daga baya ta nemi afuwa. Dokar muhalli ta 2021 ta wajabta wa hukumomin tituna jin ra'ayin mazauna kafin saran itacen bakin hanya, tanadin da ya fara aiki a Nuwamba 2023.